Takardun Sani da Muka Ƙona

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Sani, makanikin injin ban-ruwa a Garo ta Kabo. Ni tela ne a Gwarzo, ba marubuci ba. Amma akwai abin da na yi masa bayan mutuwarsa, har yau ban sauke shi ba.

Wani injin Japan ne ya jawo komai. Sani ya ga rubutu a jikinsa, ya ce bai yarda ya gyara abin da ba ya iya karantawa ba. Ya fara koyon Japananci a waya, yana kwafe haruffa a takarda. Karatun mataki biyar ne, kuma daga na biyar ake farawa a gangaro. Ranar da ya ce ya shiga na huɗu, Innarmu ta ce, "Kai kullum baya kake ci? Yara na hawa aji, kai kana sauka." Ya yi dariya ya ce, "Inna, ki yi addu'a in sauka har ƙasa."

Shekara uku ya yi kafin ya taɓa mataki na uku, na tsakiya. A nan ya daina kwafar na wasu, ya fara rubuta nasa. Ya sayi littattafai biyu, yana rubuta abin da ya faru da shi kowace rana. Na taɓa tambayarsa me ke ciki. Ya ce, "Yaya, har da kai, amma sai ka koya." Bayan wata takwas zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, ya tafi.

Da aka buɗe akwatinsa bayan sadakar bakwai, Kawu Isa ya ga takardu cike da gidaje masu kusurwa huɗu, kowane gida da baƙon harafi. Ya ce, "Wannan ai hatimi ne. Ku rufa wa yaron nan asiri kafin mutane su gani." Na san ba hatimi ba ne. Gidajen na koyon daidaita harafi ne, a gabana yake zana su. Amma ɗakin cike da manya, Inna na kuka, sai na yi shiru. Ni na ɗauko ashana. Littattafan nan biyu su suka fi daɗewa suna ci da wuta.

Yau waya tana karanta kowane rubutu idan aka haska mata shi. Da Sani na nan, ban sani ba ko zai ji daɗi, ko zai ga wahalarsa ta zama banza. Ni dai ta ƙara min ciwo.

'Yarsa Hauwa'u tana da shekara goma sha uku yanzu, ba ta tuna muryarsa. Watan jiya ta zo shagona ta ce, "Baffa, babu abin da Babana ya rubuta?" Takarda ɗaya ta tsira, don na taɓa yanka samfurin wuyan riga da ita. Ta haska mata waya. Harafi ɗaya ne aka maimaita daga sama har ƙasa, ma'anarsa ruwa. Daga mataki na biyar take, lokacin da bai iya faɗin komai ba tukuna.

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan. Injinansa an sayar, mutanen Garo sun sami wani makaniki. Ta ninke takardar ta sa a jaka. Ba ta tambayi sauran ba, ni kuma ban faɗa mata ba. Ta iya karatu, za ta gani a nan. Allah Ya ji ƙan Sani.