Ƙarar da Motar Yaya Ta Yi a Hannuna

Shekarar da Yayana ya yi doguwar tafiya Kudu da shanu, ni ya bar wa motarsa. Tsohuwa ce, amma da ita yake ɗauko nama daga mayanka zuwa kasuwa, ita ce abincin gidansa. Ranar tafiya ya miƙo mini makulli a ƙofar gidansa da ke Minanata, ya ce, "Ba sai ka kai ta ko'ina ba. Ka dai riƙa tashe ta kullum da sahe, kada batir ya mutu. Amana."

Da ma bai faɗi kalmar ƙarshen nan ba. Ni ko kwanon awo aka ara mini ba na samun sukuni sai na mayar. Hatsi nake sayarwa, babur nake hawa. Abin da na sani game da mota bai wuce abin da Yaya ya nuna mini a gurguje ba: ga inda ake sa makulli, ga yadda ake murɗawa.

Tun ina yaro aka koya mini addu'ar hawa abin hawa, kuma ban taɓa yarda in katse ta ba. Da safen farko na zauna, na yi bisimilla, na murɗa makulli ina karantawa. Injin ya kama. Sai wata ƙara ta biyo baya, kamar an jefa ƙusa cikin injin niƙa. Na daure na kai addu'a ƙarshe, na ɗaga hannu zan shafa, sai ƙarar ta tsaya cak.

Na ce lallai akwai ciwo cikin motar nan, addu'a ce take kwantar da shi. Don haka washegari na ƙara da salati, jibi na haɗa da istigfari. Ina tsawaitawa, ƙarar tana ƙara muni. Na duba baƙin mai, na duba ruwa, duk suna nan. Abinci ya daina shiga. A rumfa sai in auna wa mutum gero in sake aunawa, hankalina yana kan ranar da Yaya zai dawo ya tarar na kashe masa sana'a.

Da abin ya ishe ni na hau babur zuwa Ƙofar Rini wurin taubashina, ɗan ƙanen mahaifiyata, wanda bakanike ne. Na san zai yi mini tsiya, shi ya sa na yi ta jinkiri.

"A'a, sarkin zullumi! Wa ya mutu?" in ji shi tun daga nesa.

"Motar Yaya ta."

"To ai sai mu tai jana'iza. Goya ni, bawana."

Da muka isa ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta tashi lumui, ko tari babu. Ya buɗe bonet ya danna bel ɗin injin da yatsa, ya zaro ƙarfen auna mai, ya kwanta ƙasa ya girgiza salansa. Ya kashe, ya sake tayarwa. Shiru.

"Wagga mota lahiyarta lau," in ji shi yana kakkaɓe riga. "Kai na ka buƙatar gyara."

Na rantse masa cewa kullum tana ƙarar. Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya bar dariya. Ya ce, "To shiga ka tashe ta yadda ka saba, in gani."

Na shiga, na yi bisimilla, na murɗa. Ƙarar ta taso.

"Saki! Saki makullin!"

Ina jin sa, amma ina tsakiyar addu'a. Sai ya zuro hannu ta taga ya fizge nawa. Ƙarar ta yanke. Ya dube ni, ya dubi leɓɓana da ke motsi har lokacin, sai ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har da riƙe ciki.

Da ya lafa ya yi mini bayani. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira kik, aikinsa ya juya injin ya tashi, sannan ya janye. Ni kuwa ina danne shi da makulli har in gama addu'a, injin yana gudu yana cin haƙoransa. Ya kwance kik ɗin ya nuna mini: haƙoran sun cinye kamar na tsohon rago. Ya leƙa ciki da fitila ya daɗe. Can ya ce, "Allah Ya so ka, babban farantin da kik ka juyawa bai taɓu ba." A ranar ya samo wasu haƙoran ya sa.

Na tambaye shi a hankali, "To addu'ar fa? Barinta za ni yi?"

"Wa ya ce ka bari? Aje hannunka bisa cinya, ka karance ta tas, ka shahe. Sannan ka murɗa, da ta kama ka saki." Bai tafi ba sai da ya sa na yi ta maimaitawa a gabansa, hannuna ya saba.

Ranar da Yaya ya dawo, ko ruwa bai gama sha ba na zayyana masa komai, na ajiye tsoffin haƙoran a gabansa. Ya juya su a tafin hannu, ya fita ya tayar da motar, ya saurara. Sannan ya ce, "Ni nac ce ka murɗa, ban ce ka saki ba. Allah Ya yi maka albarka." Washegari da ita ya ɗauko nama.

Taubashina ya baza labarin cikin dangi kaf. Har yau in na shiga taron suna sai ya ɗaga murya, "Ku matsa wa limamin kik!" Ba na jin haushi. Duk lokacin da sabon gero ya shigo, nakan zaɓi mai kyau in kai gidansa da kaina. Yaya kuwa da ya tashi wata tafiyar, ni ya sake miƙa wa makulli.