Akwatin da Aka Raba a Gado

Mijina yana da shagon kwamfuta a Gaya, inda ɗalibai ke zuwa cike fom. A ƙarƙashin teburinsa akwai wani baƙin akwati da bai kai tukunyar miya girma ba. Shi ke raba wa kwamfutocin shagon intanet, shi ke adana komai a faifai huɗu da ke cikinsa. Hotunanmu da bidiyon ranar suna duk can ya juye su, don kullum wayarsa a cike take.

Ya taɓa buɗe mini shi. Ya nuna mini wani ɗan abu kamar farcen babban yatsa, ya ce sunansa firosesa, ƙwaƙwalwa huɗu ce a jiki ɗaya, suna aiki irin na gayya. Suna lura da shige da ficen saƙonni, suna yanyanka kowane hoto su rarraba shi a faifan nan huɗu, sannan su kulle da makullin da ke ɓoye a jikin firosesar. Na ce to. Hankalina yana kan girki.

Ya rasu 'yarmu tana da wata bakwai. Ina cikin takaba aka yi rabon gado. Yayansa manomi ne a Kademi, mai tsoron cin haƙƙin wani. Ya ga bai dace abu mai daraja ya tafi hannu ɗaya ba, sai ya sa aka kwance akwatin. Aka kawo mini faifai biyu, nawa da na marainiya. Ɗaya ya tafi Gafasa wurin mahaifiyarsu, ɗaya Ajingi wurin ƙanensu.

Da na fita takaba na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙon faifan. Inna ta naɗe nata a ƙyalle ta sa cikin kwalla. Sai da na je sau uku kafin ta iya rabuwa da shi. Da na haɗa duka huɗun, na hau bas zuwa Kano, wurin wani mai gyara. Ya jona su, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni akwatin.

"Baiwar Allah, komai yana nan a ciki. Amma ba mai buɗe shi sai firosesar da ta kulle shi."

Ban tsaya gida ba, Kademi na wuce. Na sami yayan mijina yana sussukar dawa. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, ina fankon akwatin?"

Ya ce ai ƙarfe ne kawai ya rage, mai gwangwan ya bai wa. Bai san sunansa ba, bai san garinsu ba. Ya ƙara da cewa in kwantar da hankalina, ya tabbatar kowa ya sami rabonsa. Da wa zan yi faɗa? Na yi masa godiya na taho.

Yarinyar ta shekara uku yanzu. Jiya ta tambaye ni yadda babanta yake magana. Na buɗe baki zan kwaikwaya mata, sai na ji ni ma muryar ta fara kuɓuce mini.