Mutum Uku a Takalmi Ɗaya

Takalminsa na fara lura da shi. Kullum da yamma in ya dawo ofis ajiye na'urar awo, takalmin nan yana ɗauke da ƙasa kala uku: ja a dunduniya, farar ƙurar siminti a sama, baƙin taɓo ya bushe a gefe. Fili ɗaya ba ya ba mutum kala uku. Na gani na yi shiru, don watana biyu kacal a kamfanin, kuma ni ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci kafin ta fito.

Shi ne mai awon ƙasa na kamfaninmu na gine-gine. Shekara ashirin da biyu yana kafa na'urarsa mai ƙafa uku a tsakiyar rana, ya runtse ido ɗaya, ya ɗaga hannu a matsar da turke. Ba a haƙa tushen gini sai ya ce a haƙa. Dogo ne, ya fara ranƙwafawa, gwiwarsa ta hagu tana ƙara in yana hawa matakala. Matarsa na fama da yanar ido, sau uku asibiti na ba su rana yana ɗagawa, har babbar 'yarsa ta daina yi masa magana sai gaisuwa. Abin alfaharinsa ɗaya ne, kuma ya faɗa mini tun makona na farko: "'Yata, shekara ashirin da biyu, ko layi ɗaya na gargaɗi ba a taɓa rubuta mini ba."

Ni aikina kula da manhajar tsara ayyuka, wadda sabon manaja ya zo da ita. Kowane aiki da shafinsa. Injiniyan aikin ya shigar da sunayen ma'aikatan da yake buƙata da awannin kowa a mako. In an lafta wa mutum fiye da awa arba'in, sunansa ya koma ja. In daidai ne, kore. Manaja yana son koren nan kamar ransa. "Na'ura ba ta son kai," in ji shi.

Ayyuka uku muke da su a lokacin: makaranta, gada da rumbun ajiya. Injiniyar makaranta ta rubuta "Baba", don haka take kiransa. Injiniyan gada ya rubuta "Mai Awo". Injiniyan rumbu kuwa, wanda suka daɗe tare, ya rubuta "Dogo". Kowa ya ba nasa awa arba'in cif. Manhaja ta ga mutum uku, ta shafa musu kore, kowa ya kama gabansa.

Wayarsa ce ta san gaskiya. Sau da yawa ina jinsa a bakin ƙofa.

"Ranki ya daɗe, ina hanya. A'a, gada na baro. To jikin ɗaya ne, ranki ya daɗe, da ana yanka shi da na aiko miki da cinya."

Ƙarshen wata rahoto ya fito. Manaja ya buga tebur. Masu awo uku, kowanne sulusin aikinsa kawai yake gamawa! Ya sa sakatariya ta buga takardun gargaɗi uku. Ta fito da su tana duba bayan ambulan, daidai lokacin da mai awo ya shigo da na'urarsa a kafaɗa.

"Baba, ga taka. Don Allah in ka ga Mai Awo da wani Dogo..."

"Kawo."

"A'a, hannu da hannu aka ce."

"To ai ga hannun. Ni ne Mai Awo."

"Dogon fa?"

Ya miƙe tsaye sosai, har gwiwar ta yi ƙara. "Kin ga wani ya fi ni?"

Direbobin da ke zaune a benci suka kwashe da dariya, ɗaya na cewa ashe Baba 'yan uku ne. Shi ma ya yi murmushi. Amma na ga yadda ya ninke takardun, ya sake ninkewa, har suka koma kamar kwalin ashana, ya tura su can ƙasan aljihu.

Nan take na tuna takalmin. Na buɗe shafukan uku gefe da gefe, na haɗe sunayen suka zama ɗaya. Sunan ya yi ja wur: awa ɗari da ashirin a mako. Na ji daɗi na kamar minti ɗaya. Sai ga wani rubutu ya fito a ƙasa: gargaɗi uku a kan ma'aikaci ɗaya. Dokar kamfani kuwa, gargaɗi uku sallama ce. Garin neman gira na kusa rasa masa ido.

Ranar Litinin aka yi taro a ɗakin sama mai dogon tebur. Ba a kira mai awon ba, yana can gada yana awo. Manaja ya karanto batun sallamar kamar mai karanta jerin kayan sito. Na ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, mutum ɗaya ne."

"Mun gani. Mutum ɗaya, gargaɗi uku."

"Aikin mutum uku aka ba shi, ranka ya daɗe. Ya yi sulusin kowanne. Sulusi uku ai cikakke ne. Mako ɗaya ma gaba ɗayansa, har da dare, awa ɗari da sittin da takwas ne."

Sai injiniyoyi suka fara.

"Ni dai Baba na san shi."

"Wa ke rubuta Baba a takardar aiki? Babanki ne?"

"Kai da ka rubuta Dogo fa? Sandar wuta ka ɗauka aiki?"

Laifi tudu ne. Cikinsu babu wanda ya san cikakken sunan mutumin da ke buga musu turke, kuma babu wanda ya ji kunyar hakan. Manaja ya ɗaga hannu suka yi shiru, sannan ya yi tambayar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

"To shi me ya hana shi magana?"

Ai mai awon ya yi magana. Ya gaya wa ukun, ɗaya bayan ɗaya, a gabana ma an yi. Kowanne ya juya masa fuskar kwamfuta ya ce, "Duba, kore ne." An nuna wa dattijo kala an ce gwiwarsa ƙarya take yi.

Hukuncin da aka yanke shi ne a janye takarda biyu, ɗaya ta zauna. Wai ayyuka sun makara, dole fayil ya nuna an ɗauki mataki. Ba a rubuta wa injiniya ko ɗaya komai ba. Aka umarce ni in raba awanninsa: goma sha huɗu, goma sha uku, goma sha uku. Na tambayi inda zan sa tafiyar da ke tsakanin filayen, wadda ke cin awa biyu kullum. Manaja ya ce manhajar ba ta da gurbin hanya. Na raba, sunan ya koma kore.

Da yamma ya shigo da na'urarsa. Na tare shi a bakin sito na gaya masa aikinsa na nan, saura takarda ɗaya.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wacce suka bari?"

"Wacce kuma, Baba?"

"Ta Baba, ko ta Dogo?"

"Ta Mai Awo."

"Da ta Dogo suka bari," ya ce a hankali. "Dogo ba ruwansa, tsawo kawai gare shi."

Ya jingine na'urar a inda take zama, ya kira 'yarsa a waya ya ce ta sake nemo musu rana a asibiti, wannan karon zai je. Sannan ya zauna a kan bulon da ke gefen famfo, ya cire takalmin, ya ɗauki guntun turke ya fara kankare taɓon.