Bindigogin Abu Riyad

A ƙauyenmu da ke kan dutse a saman garin Zahle kowa ya san Abu Riyad, tsohon direban bas, da bindigoginsa masu baki biyu. Tsofaffi ne, ƙirar Beljiyam da Ingila, kowacce kwance a akwatin da ta zo da shi, fata a waje, karan-miski kore a ciki. Ba ya karɓar bindiga in babu akwatinta. Yakan ce tsirara take.

Ba da niyya ya fara tara su ba. Da ƙuruciya suna da ƙungiyar farauta, duk kaka su hau dutse harbin makwarwa. Yaƙi ya zo, wasu suka tsere Brazil da Kanada suka bar masa ajiya, wasu suka mutu, matansu suka aiko masa da akwatunan don ba sa son ganinsu. Abokai na raguwa, akwatuna na ƙaruwa. Bayan rasuwar matarsa, ɗansa Riyad ma ya tafi can birnin Sidni.

Ni maƙwabcinsa ne. Ran Lahadi nakan hango shi a baranda yana goge su da mai, ya ɗaga ɗaya ya auna sararin sama, ya mayar. Ya daɗe da daina harbi.

Wata bazara aka aiko masa cewa Nadim, ɗan amininsa marigayi Wadi, yana zuwa daga Brazil karɓar bindigar mahaifinsa. Abu Riyad ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya roƙi matata ta yi kibbe, wato curin nama da alkama, ya sayo inabi, ya yi aski. Ya ce min yana da labarin Wadi da zai ishe su har magariba.

Nadim ya iso da motar haya, Larabcinsa duk a karye. Ya sumbaci tsohon, ya yaba sassaƙen jikin bindigar, ya ce a bangon gidan abincinsa zai rataye ta.

"Zauna ka ci, ɗana. Da wannan bindiga ubanka ya taɓa harbe hular limamin coci."

"Baffa, a yi haƙuri, ana jirana a Beirut."

Akwatin ma ya ce ya yi masa nauyi. Ya naɗe bindigar a tawul, ko gahawa bai ƙarasa ba ya tafi.

Na shiga na tarar da Abu Riyad tsaye a bakin teburi, abinci ya huce. Ya tura min kujera, ya ce kada kibben ya lalace. Muna ci ya fara ba ni labarin hular, ya kai tsakiya ya bari, bai ƙarasa ba.

Da sanyi ya shigo ya daina fitowa baranda. Riyad ya zo ya tafi da shi Sidni, inda tsohon ya rasu bayan shekara. Makullin gidan yana hannuna, har yanzu ba wanda ya ce min ga yadda za a yi da sauran bindigogin.