Ni Ne Bakin Shehu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar wana Shehu, wanda mutanen Augie suka fi sani da Bebe. Ni ba marubuci ba ne, karatuna bai yi nisa ba. Amma akwai maganar da ta daɗe a maƙogwarona, kuma wanda ya kamata ya ji ta, ko da yana raye ba ya ji.

Kurma aka haife shi. Bai shiga makaranta ba, don haka maganar hannun da yake yi mu biyu muka ƙirƙiro ta tun muna yara, a bakin fadama muna korar tsuntsaye daga shinkafa. Kowa a gidanmu yana da sunan da Shehu ya sa masa da hannu. Mahaifinmu, shafa gemu. Ni kuwa, yatsu biyu yake ɗorawa a kan leɓensa. Wato ni ne bakinsa. Kasuwa, asibiti, har neman aurensa, da bakina aka yi.

Da mahaifinmu ya rasu ya bar gona biyu: fadama mai ba da shinkafa da albasa, da wata gonar tudu mai yashi wadda ko gero da ƙyar take yi. Shehu ne ya fi kowa shan wahalar fadamar nan. Ni kuma ita nake so. Muka je gaban alƙali a Argungu domin rabon gado, aka ce wa zai yi wa Bebe tafinta, kowa ya dube ni.

Alƙali ya ce, "Tambaye shi, ya yarda ya bar maka fadama ya ɗauki tudu?"

Na juya na dubi wana. Da hannu na tambaye shi, kana son fadama? Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai har sau uku. Alƙali ya ga gyaɗa kan da idonsa, shaidu suka gani. Shehu ya dangwala yatsa yana murna. Ban yi ƙarya a amsarsa ba, tambayar na sauya. Shekaru na yi ina lallashin zuciyata da wannan.

Sai da damina ta faɗi ya gane. Ya zo da fartanyarsa ya tarar da 'yan ƙwadagon da na ɗauka suna aiki. Ya koma kotu shi kaɗai, yana nuni, yana bugun ƙirji, yana kuka. Babu wanda ya fahimce shi, sai aka aika a kira ni in fassara. Na zo na ce kansa ne ya ɗan taɓu tun rasuwar Baba. Daga ranar ya tashi daga Bebe ya koma mahaukaci a bakin yara. Gona na ƙwace masa, sannan na haɗa da hankalinsa. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Ni ne kunnensa, kuma ni na hana shi tsira.

Yanzu ina zaune a Gwadangaji, a Birnin Kebbi. Ina ji a rediyo ana cewa akwai dokar da ta hana nuna wa masu naƙasa wariya. A talabijin ina ganin wani a gefe yana fassara labarai da hannu. Nakan tambayi kaina me Shehu zai ce. Ina jin zai yi murna, sannan ya yi tagumi, domin hannun makaranta ne wancan, ba irin namu ba. Doka tana birni, kurame da yawa suna ƙauye, kuma har gobe ɗan'uwa ne ke raka su gaban hukuma. Roƙona ga alƙalai da masu unguwanni ɗaya ne: kada a bar mai rabo a cikin dukiya ya zama bakin wanda ba ya magana. A nemo na biyu. Kuma wanda aka ce kansa ya taɓu, a bincika wa ya faɗa, me zai samu.

Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Bara na je Argungu wurin Hadiza, 'yarsa, na mayar mata da fadamar a gaban shaidu, na faɗi abin da na yi.

Ta ce, "Baffa, gona kam na amsa, haƙƙinmu ce. Yafiya ba tawa ba ce balle in ba ka."

Na tambaye ta ko ya sake mini suna bayan abin da ya faru. Ta girgiza kai. Ta ce a ciwon ajalinsa ya yi ta ɗora yatsu biyu a leɓe yana duban ƙofa, yana wasu alamu masu tsawo. "Mu alamun abinci da ruwa da gaisuwa kawai muka sani. Doguwar magana sai kai. An aika maka, ba ka zo ba."

Gaskiya ne. Kunya ta hana ni zuwa.

Abin da ya rage na Shehu shi ne fadamar da ta koma gidansa, da wani harshe da ni kaɗai na iya shi a duniya, ba ni da wanda zan yi shi da shi. Kiran da ya yi ta yi mini a ciwon ajalinsa, ko yafe mini yake son yi, ko Allah ya isa ce, ban sani ba. Za mu haɗu a gaban Alƙalin da ba ya neman tafinta. Allah ya jiƙan Shehu, ya sa can ta fi masa nan.