Baba Oumarou da Kilim ɗin Motar Tahoua

Kafin 'yan kasuwar Lazaret su gama shimfiɗa kayansu, Baba Oumarou ya riga ya share ƙarƙashin itacen bedin da yake kira garaji. Yakan jera kayan aikinsa a kan buhu, ya sha shayi a tsaye, ya zauna jiran motar da zafi zai koro masa. Gyaran kilim, na'urar sanyaya mota, shi ne aikinsa tun gashinsa yana baƙi. Ba shi da allo a bakin hanya, ba shi kuma da yawan fara'a. Mai neman hira gara ya wuce wajen mai shayi.

Da kunne aka san shi. Abdoulkarim mai jigilar albasa ya ce ya taɓa kai masa kamiyo, motarsa ta ɗaukar kaya, a sake masa gaz ɗin kilim, Baba ya kara kunne a jikin inji ya ce, "Gaz ɗinka lahiya lau. Tiyo ne ke tsaki." Haka kuwa aka tarar. Ya sha yi wa direbobi bayani cewa inji yana zuƙar iska, zuƙar nan kuma ita ke bin siraran tiyo ta buɗe 'yan ƙofofin da ke turo sanyi cikin mota. In tiyo ya huje, ƙofofin sai su saki, sanyin ya tafi inda ba a aike shi ba.

To, kunnen nan ne ya soma tafiya. Ya yi ta ɓoyewa, yana gyaɗa kai ga maganar da bai ji ba, har maƙwabta suka gane suka yi shiru.

A tsakiyar bazarar bana Nazifi ya zo masa. Direba ne, da ƙaramar kamiyo mai kujerun baya. Mahaifiyarsa Hajara ta daɗe a asibiti, lokotoro ya ce babu sauran abin da za a yi mata. Ita kuma abu guda ta roƙa: a kai ta Tahoua, ɗakinta. An gargaɗi Nazifi cewa zafin hanya kaɗai ya isa ya ƙarasa ta.

"Baba, in motar tana tsaye sanyi ƙalau," in ji shi, yana ɗaga murya. "Da na ba ta wuta, sai iskar ta gudu gilashin gaba, baya ya zama tanda. An ce in sake kwampuresa, ni kuwa gobe da safe zan ɗauki tsohuwar."

"Bar kwampuresa, ɗana. Tayar da motar."

Ya sunkuya, ya kara kunnen dama, ya juya na hagu. Babu komai sai gurnani mai nisa. Ya san ciwon sarai, amma tiyon nan suna da yawa, sun bi lungu-lungu, kuma tsakin da ke nuna masa hanya ya ƙi zuwa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, tsoro ma ya kama shi, don a motar nan za a kwantar da tsohuwa. Ya miƙe ya ce a kashe inji, ya nufi gida.

Da ya dawo, yana riƙe da gwangwanin madara mai huji biyu, da garwashi, da turaren wutar matarsa Hadiyya. Ita ma ta biyo shi har bakin titi tana faɗa: "Malam, na Salla ne fa! Mota za ka turara, amarya ce?"

Wataƙila ma bai ji ta ba. Ya zuba turaren a kan garwashi, ya rufe gwangwanin, ya haɗa huji ɗaya da babban tiyo, ya sa baki a ɗayan ya yi ta hurawa. Tsoho ne, numfashin ba kamar dā ba. Ya huta, ya sake. Can sai ga wani siririn hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin batir. Ruwan batir ne ya ɗiga ya cinye tiyon, huji kamar na allura, a wurin da ido ba ya kaiwa.

Ya yanke ruɓaɓɓen, ya sa sabo, ya ɗaure shi nesa da batir. Bai yarda ba sai da ya shiga kujerar baya da kansa, inda za a kwantar da ita, ya sa Nazifi ya bi hanyar Tondibia yana ba mota wuta. Iskar ba ta kauce ba.

Daga baya Nazifi ya ce a hanyarsu tsohuwar ta buɗe ido a Dosso ta tambayi wa ya turara motar, ta yi murmushi, ta koma barci.

Bayan wannan aikin Baba Oumarou ya ce ya isa haka, ƙarshen damina zai tattara kayansa. Babu wanda ya iya sauya masa ra'ayi.

Baba, kai ne ba ka taɓa sa direba ya sake abin da bai lalace ba. Kai ne da kunne ya gaza, ba ka ce a je a gwada sa'a ba. Masu gyara na Lazaret da Koira Kano, ku leƙa wurinsa tun yana ƙarƙashin bedin, ku koyi neman ciwo kafin ku kwance mota. Mun gode, Baba, Allah Ya ba da lada. Hajara ta ga ruwan farko na damina daga bakin ƙofarta, jikokinta suna zagaye da ita. A ɗakinta ta cika.