Kwarmin da na gyara a motar Ammu Saleh

Akwai ranar da har yanzu ba ta bar zuciyata ba, cikin watan Maris na 2014, lokacin ina fanal bita a wata warsha da ke Riyad. Warsha ita ce gareji a bakin mutanen can. Shugabanmu wani Basudane ne, Mu'allim Usman, mutum mai ƙarancin magana.

Wani dattijo Balarabe, Ammu Saleh, wato Baffa Saleh, ya sa aka jawo mana motarsa. Tsohuwar motar Amurka ce ta farkon shekarun saba'in, ja, mai ƙofa biyu da dogon bonet. Ya saye ta yana ɗalibi a Amurka. Yanzu idonsa ya kusa tafiya, an sa masa ranar aiki a asibiti nan da mako biyu, kuma burinsa ya ji kukanta kafin ya kwanta.

Injinta silinda takwas ne, ya cika gidansa taf, har batir ma a but aka ajiye shi. Makanikai suka ɗaga shi da sarƙa suka tafi da shi, aka bar mini wanke gidan injin da fenti. A bangon hagu na ga wani kwarmi kamar cikin ƙwarya, duk sawun guduma. Na ce tabon tsohon haɗari ne. Kwana biyu na yi ina bugunsa har ya shafe sumul, ban tambayi kowa ba.

Ranar mayar da injin, aka sauko da shi a hankali, sai ya cije. Bakin salansa, bututun hayaƙi, ya tokare bangon da na gyara.

Mu'allim ya leƙa, ya juyo ya kira sunana. "Ya Sani, ina kwarmin nan?"

Na faɗa masa. Ya dafe kai. Ashe jikin motar don ƙaramin injin aka yi shi. Da za su cusa babban, tun a masana'anta ma'aikata suka buɗa masa wuri da guduma. Na san ƙasa da wannan ma yakan raba mutum da iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar.

Bayan la'asar Ammu Saleh ya iso da sandarsa. Ya miƙa hannu cikin gidan injin yana shafawa, sai ya tsaya cak.

Na ce, "Ya Ammu, ni ne. Na ɗauka lalacewa ce."

Ya ce, "A nan nake kurje yatsuna duk sanda zan canza fulogi a Amurka, ƙanƙara na zuba a wuyana. Ɗauko gudumarka, ya waladi, ɗana. Hannuna bai manta ba."

Aka ɗaga injin, ya nuna wurin da yatsa, na buga don mayar da kwarmin. Ya shafa, ya ce ƙasa kaɗan, na ƙara. Muna cikin haka hankalina ya tafi ga mutumin da ya fara wannan bugun. Na riƙa ganinsa da rigar aiki mai maiƙo, Bature ne ko baƙi ban sani ba, yana buga nasa ya wuce ga motar gaba.

Injin ya zauna. Washegari aka tayar da shi, ƙasa ta ɗauki rawa, kwanukan rufi suka amsa. Ammu Saleh ya zauna a kujerar direba, ya rufe ido, hannu biyu a sitiyari. Motar ba ta motsa ba, amma wallahi na ga yana tafiya a wata doguwar hanya mai bishiyoyi, har ni ma na ji sanyinta. Da ya kashe ta, gemunsa a jiƙe yake.

Ku da kuke tasowa a sana'ar nan, ba kowane karkace ne kuskure ba. Tsohuwar mota hannuwa da yawa ta ratsa kafin naku. Idan kun ga abin da bai yi muku daidai ba, ku ajiye guduma tukuna, ku nemo wanda ya tsufa da ita.